Samkon Gado, gwiwata, da takardar da ɗan yayata ya miƙo min

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau zai yi tsawo. Wanda ke sauri ya ajiye shi sai bayan isha'i.

Mako biyu da suka wuce yayata ta kira ni sau uku a rana ɗaya. Duk wanda ya san ta ya san ba mai ɓarnar kati ba ce, ko gaisuwar Sallah sai dai ta yi filashin in kira. Da na ɗauka ta ce, “Ka taho gida, maganag ga ba ta waya ba ce.” Ranar Juma'a ana tashi makaranta na hau mota daga Kalgo, na isa Gwandu bayan la'asar. Na same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale, babban ɗanta na tsaye jikin bango ya sunkuyar da kai. Ko ruwa ban gama sha ba ta ce, “Ga ɗanka nan, shi gaya maka da bakinai abin da shika so.”

Yaron shekararsa 17. Ya gama sakandare bana, kuma sakamakonsa ya yi kyau, har da lissafi da Turanci, waɗanda su ne ke kayar da yaranmu. Ya zaro wata takarda daga aljihu, ta sha ninki har ta fara yagewa, ya miƙo min da hannu biyu. “Kawu, wani mutum ne yag ga wasana a Birnin Kebbi, yac ce za shi kai ni gwaji Turai.” Takardar na ɗauke da tambarin wata ƙungiya, an yi mata hoto a kan hoto har tambarin ya dushe. A ƙasa an rubuta kuɗi da biro: naira miliyan biyu da rabi, na fasfo da biza da tikiti da masauki. Na tambaye shi ina za a samo su. Bai amsa ba, uwar ce ta amsa. Fadamar da marigayi mahaifinsa ya bari, wadda ake noman albasa a cikinta, wadda ita ce ke ciyar da gidan da mutum shida, ita yake so a sayar.

Kafin wani ya yi saurin cewa yaron banza ne, bari in faɗi nawa laifin. Ni na saya masa takalmin ƙwallo na farko, gwanjo, yana ɗan shekara tara. Ni na cika masa kunne da labarin zamanin da nake buga lamba bakwai, da yadda muke zuwa Kambaza da Dalijan a bayan akori-kura mu dawo muna waƙa. Abin da ban cika faɗa masa ba shi ne ƙarshen labarin. A 2002 ina aji shida, saura 'yan watanni jarabawa, wata ƙungiya ta kira ni sansanin horo, na bar makaranta na bi su ba tare da na yi shawara da kowa ba. Ban yi wata huɗu ba wani mai tsaron baya ya shigo min ta gefe, na ji ƙara a gwiwata kamar an karya kara. Aka kai ni wajen masu ɗori a Aliero, kuma mutanen sun yi iya ƙoƙarinsu, sai dai abin da ya tsinke jijiya ce, ba ƙashi ba, ɗori kuwa na ƙashi ne. Ƙungiyar ta ba ni kuɗin mota da fatan alheri. Shekara biyu na yi a gida ina ɗingishi, sa'o'ina suna wucewa, kafin na sake zana jarabawa na tafi kwalejin ilimi ta Argungu. Yau ni malamin makaranta ne a Kalgo, alhamdu lillahi ina cin abinci, amma har gobe in na zo zaman tahiya sai na miƙe ƙafar hagu, kuma gwiwar nan ta fi gidan rediyo sanin ranar da sanyi zai sauka.

To a ranar ban ce komai ba. Na ce a ba ni mako biyu. Tsoro nake in buɗe baki gwiwata ta yi magana maimakon hankalina.

Ranar Litinin a wajen mai shayi na ba wani abokin aikina labarin. Mutumin Billiri ne ta jihar Gombe, yana koyar da ilimin halittu, mun shekara shida tare. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Malam, ka taɓa jin Samkon Gado?” Na ce Gado dai muna da su da yawa a Gwandu, amma Samkon ban sani ba. Ya yi dariya ya ce ɗan ƙasarsu ne, Batangale, an haife shi a Kufai, kuma akwai lokacin da Amurkawa dubu saba'in suke tashi tsaye suna kiran sunansa. Na ɗauka irin cika bakin nan ne da kowa ke yi wa garinsu. Dare uku na yi ina ƙona data a kansa, sai na ga abokina ma ragewa ya yi.

Sai na fara bayanin wasan, don ba ƙwallon da muka sani ba ne. Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, da hannu ake yin mafi yawansa. Ƙwallon mai siffar gwanda ce, mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, suna sanye da hular kwano da sulke a kafaɗa. Tsawon filin yadi 100, yadi irin wanda tela ke aunawa. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi goma, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin ƙarshe ya ci maki shida. Ni da na kalli bidiyon, langa ta faɗo min a rai. Wanda ya yi langa a dandali ya san akwai ruwa, akwai dawakai masu kare shi suna buɗe masa hanya har ya je ya sha. To matsayin da Samkon ya buga shi ne ruwa: a damƙa masa ƙwallo a ciki, ya rungume ta, ya kutsa tsakanin ƙarti masu kilo ɗari da talatin da ke jiran su danne shi. Kusan kowane ɗauka da faɗuwa yake ƙarewa. Shi ya sa masu wannan matsayi ba sa daɗewa. A babbar gasarsu ta NFL, matsakaicin zaman ɗan wasa bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba, na masu gudu da ƙwallo kuma bai ma kai haka ba.

An haifi Samkon Gado ranar 13 ga Nuwamba 1982. Da na ga shekarar sai da na ajiye wayar, domin sa'ana ne, watanni ne tsakaninmu. Yana ɗan shekara tara iyalinsu suka koma Amurka, garin Kolambiya a jihar Karolaina ta Kudu, inda mahaifinsa ke karatun addinin Kirista. Mahaifin shi ne Rabaran Jeremiah Gado, wanda daga baya ya shugabanci cocin ECWA ta ƙasa daga 2012 zuwa 2018. Yaron ya yi sakandare a wata ƙaramar makaranta mai suna Ben Lippen, daga nan ya tafi jami'ar Liberty a jihar Bajiniya. A wancan lokacin Liberty ba ta cikin manyan jami'o'in da ake nuna wasansu a talabijin duk Asabar, tana rukuni na ƙasa. Ko a can ɗin ma shi ba gwani na ɗaya ba ne. Shekara huɗu ya yi, wasa biyu kacal aka fara da shi, sauran duk daga benci yake tasowa. Ku tsaya ku auna wannan: ɗan benci a ƙaramar makaranta. A wajenmu irinsa ne ake ba jarkar ruwa ya riƙe. Abin da yake yi a gefe guda shi ne karatun share fagen likitanci, domin tun farko burinsa ya zama likita.

Duk shekara ƙungiyoyin NFL 32 suna zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. A 2005 an zaɓi mutum sama da 250, babu sunansa. Kocinsa na Liberty, Ken Karcher, shi ya yi masa hanya wajen wani da ya sani a ƙungiyar Kansas City Chiefs, suka ɗauke shi gwaji, suka ajiye shi cikin 'yan atisaye, wato waɗanda ake horo da su amma ba sa buga wasa, daga baya suka sallame shi. A watan Oktoba ƙungiyar Green Bay Packers ta kira shi, ita ma cikin 'yan atisaye. Green Bay ƙaramin gari ne a jihar Wiskonsin, mutanensa dubu ɗari da 'yan kai, sanyinsa na daskarar da ruwa, kuma ƙungiyar ba ta wani attajiri ɗaya ba ce, magoya baya ne ke da hannun jari a cikinta. Wannan ya burge ni, amma ba shi ne zancen yau ba.

Sai rauni ya bi masu gudun ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya. Najeh Davenport ya karye a idon sawu. Ahman Green, gwaninsu, ya tsinke jijiyar cinya. Tony Fisher ma ya ji ciwo. Koci Mike Sherman ya waiwaya, wanda ya rage shi ne yaron Kufai. Ranar 13 ga Nuwamba 2005, ranar da ya cika shekara 23 cif, aka fara wasa da shi a karon farko, a gidan Atlanta Falcons. Ya ci yadi 103, ya kai ƙwallo gida sau uku, Packers suka yi nasara da 33 da 25, alhali kafin ranar wasa ɗaya tal suka ci a kakar. Aka ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasan gaba na watan Nuwamba. Ranar 11 ga Disamba ya ci yadi 171 a kan Detroit Lions, abin da wani sabon ɗan wasa bai taɓa yi wa Packers ba a wasa ɗaya. Wasu suka fara kiransa da laƙabin da aka san Christian Okoye da shi, mutumin Enugu da shi ma ya fito daga ƙaramar jami'a, Azusa Pacific, ya kuma fi kowa yadi a NFL a 1989 da yadi 1,480.

Kwana takwas bayan wasan Detroit, a Baltimore, gwiwarsa ta samu rauni. Kakar ta ƙare masa a nan: wasa takwas, yadi 582.

A nan ne na daɗe ina kallon silin. Disambar 2005 ina Argungu ajin farko, ina hawa matakalar aji da dabara. Ni da shi gwiwa ɗaya ta ci amanarmu, bambancin shi ne shi an saka tasa a na'ura washegari, likitocin ƙungiya suka duba, albashinsa bai tsaya ba. Ya warke ya dawo, sai dai hasken nan na mako shida bai sake dawowa ba. A 2006 sabon koci ya zo, aka yi musayarsa da wani ɗan wasa zuwa Houston Texans. Daga can Miami Dolphins a 2007, sai St. Louis Rams, sai Tennessee Titans a 2010 inda ba a riƙe shi ba. In ka tara duk yadin da ya ci a NFL bai kai 1,000 ba, kuma fiye da rabi a wasanni takwas ɗin farko ya ci su. Yana ɗan shekara 27 wasa ya ƙare.

Abin da ya sa abokina ya kawo min sunansa shi ne abin da ya biyo baya. Tun yana tsakiyar suna a Green Bay, lokacin hutun kaka, yakan je wani asibitin garin yana taya ma'aikata aiki don kada karatun ya bar kansa. Da wasa ya ƙare ya shiga makarantar likitanci ta jihar Karolaina ta Kudu a garin Calston, ya gama a 2015, ya wuce jami'ar Saint Louis ya ƙware a tiyatar kunne da hanci da maƙogwaro. Ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa niyyarsa ilimin ya amfani Nijeriya. Ni da nake da ɗalibai a aji waɗanda kunnensu ke zubar da mugunya tun suna firamare, ana ce musu marasa ji alhali ciwo ne, har sai an dangana da Sakkwato ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna, na san darajar irin wannan likita fiye da yadi dubu.

Juma'ar da ta wuce na koma Gwandu da labarina a baki, ina jin na samo makami. Bayan magariba na zaunar da yaron a kan dakali, na ba shi labarin tun daga Kufai har Saint Louis, na nuna masa bidiyon wasan Atlanta. Ya kalla sau biyu. Sannan ya ce, “Kawu, in yi magana?” Na ce yi. Ya ce, “To ai shi sai da yab buga tukuna kana yaz zama likita. Ba a hana mai ba. Kuma da ba a yi mai hanya ba, wa za ya san shi? Ni ma hanya ce aka yi min.”

Wallahi sai na yi shiru. Yaron ya fi ni fahimtar labarin da na kawo. Na zo da shi don in ce karatu ya fi ƙwallo, alhali Samkon bai taɓa zaɓa tsakanin biyun ba. Tsarin ƙasar da ya tashi ne ya ɗaure su wuri ɗaya. A can hanyar shiga NFL ta cikin jami'a ta bi, jami'a ce ke ɗaukar nauyin karatun yaro saboda wasansa, kuma in makinsa na aji ya faɗi sai a hana shi fili. Ɗan benci a Liberty ya fita da digiri ko an zaɓe shi ko ba a zaɓe shi ba. Ba ina cewa tsarinsu tsarkakakke ba ne, jami'o'in sun shekara da shekaru suna tara maƙudan kuɗi da jikin yaran kafin a yarda yaran su samu wani abu, kuma maganar lalacewar ƙwaƙwalwa saboda yawan karo da kai ta kai su har kotu. Amma dai yaro ba ya sayar da gonar ubansa don a gwada shi. Mu a nan fa? Muna da wasannin jami'o'i na NUGA, amma ku gaya min ɗan wasa nawa kuka sani da wata babbar ƙungiya ta ɗauka daga can. Makarantar da nake koyarwa filinta rabi ya zama hanyar babura, malamin motsa jiki kuma an ba shi darasin zamantakewa saboda ƙarancin malamai. Yaron da ke da ƙafa, tun yana 15 ake ce masa ya zaɓa: ko aji ko fili. Ni na zaɓa a 2002, kun ji yadda ta kaya.

Sai ya kawo sunan da na san zai kawo, Zaidu Sanusi. Duk yaron da ke buga ƙwallo daga Gwandu zuwa Kalgo zuwa Bunza, Zaidu ne a bakinsa, kuma da gaskiyarsu. Ɗan Jega ne, nan kusa da mu, ya tafi Fotugal ya fara daga ƙananan ƙungiyoyi irin su Mirandela, ya hau Santa Clara, FC Porto ta saye shi a 2020, kuma shi ya ci ƙwallon da ta ba Porto kofin gasar ƙasar a gidan Benfica a watan Mayun 2022. Ranar har a Kalgo an yi ta harba babura. Ba zan taɓa rage masa daraja ba. Na dai ce wa yaron ya lissafa min waɗanda suka buga tare da Zaidu a Jega, ya gaya min inda suke yau. Na kuma tuna masa cewa shi ma Zaidun gwiwa ta ajiye shi watanni a 2024, sai dai shi yana ƙungiyar da za ta yi masa tiyata ta ci gaba da biyansa. Ya ce, “Kawu, kowa da rabonai.” Na ce haka ne, amma fadamar rabon mutum shida ce.

Washegari da safe na ce ya ba ni lambar mutumin. Na sa a lasifika, uwar na zaune, yaron na tsaye. Na gaishe shi da mutunci, na ce ni kawun yaron ne, tambaya biyu gare ni. Ta farko: dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi da ba su shafe mu ba, to ta yaya za a yi da ɗan 17? Ya ce wannan ba matsala ba ce, ana gyarawa a fasfo. Na ce ikon Allah, kowa rage shekaru yake a ƙwallo, mu ƙari za a yi mana. Ta biyu: tun 2023 FIFA ta dawo da jarabawa da lasisi ga dillalan 'yan wasa, kuma sunayen masu lasisi suna shafinta kowa na iya dubawa, to da wane suna zan neme shi? Ya ce yana tuƙi, zai kira ni. Yau kwana biyar. Na kira sau huɗu, ba a ɗauka.

Ban ce ɓarawo ne ba, don ban kama shi da komai ba. Wataƙila yaron wani dillali ne, wataƙila yana da wata hanyar da ban sani ba. Abin da na sani shi ne ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke aiko da takardar gayyata da sunanta da lambarta, kuma sau da yawa ita ke biyan tikiti. Kuma duk mun ji labarin yaran Afirka ta Yamma da aka kai wata ƙasa da sunan gwaji aka bar su a otal, biza ta ƙare, kunya ta hana su dawowa gida saboda an sayar da gona.

Ga abin da na yanke, kuma na faɗa a gaban uwarsa. Fadama ba za a sayar ba. Yaron zai dawo wurina Kalgo da zama. Zan biya masa kuɗin JAMB, ya nemi Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda ke nan bakin ƙofarmu, ko ta Aliero. Da yamma ya yi horo, ba zan hana shi ba, ni da kaina zan riƙa tashinsa gudun asuba. Duk ƙungiyar da ke da rajista ta buɗe gwaji, a filin wasa na Haliru Abdu ne ko Sakkwato ko Kano, zan kai shi da kuɗin aljihuna lokacin hutu. In ya cika 18 wata ƙungiya ta aiko da takarda ta gaskiya, ni zan raka shi filin jirgi.

Yayata ta ce, “Allah shi yi maka albarka,” ta tashi ta shiga ɗaki, na san kuka ta je yi. Yaron bai ce komai ba. Da zan tafi ya ɗauko min jaka har bakin titi kamar yadda ya saba, amma bai dube ni ba, kuma da na ce sai ka zo, cewa ya yi, “To.”

A mota ina ta juya abin, kuma har yanzu ban daina ba. Shekarun ɗan ƙwallo gajeru ne. Daga 17 zuwa 21 nan ne ake gina shi ko a rasa shi, kuma horon yamma a filin makaranta da tsohon lamba bakwai mai ɗingishi ba zai kai horon makarantar ƙwallo ta gaske ba. Na ga wasan yaron nan. Ba don ɗan yayata ne ba, yana da abin da ni ban taɓa samu ba, yana ganin fili kafin ƙwallo ta iso shi. Zai yiwu na tsare fadama na kashe wani Zaidu. Zai yiwu nan da shekara goma ya zama ma'aikaci mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata, yana kallon sa'o'insa a talabijin, yana tuna kawun da ya hana. Abokina na Billiri ya ce in daina wannan tunanin, Samkon ma ai sai da mutum uku suka ji rauni kafin a ga fuskarsa, abin da ya rage wa mutum shi ne ranar ta same shi a shirye. Na ce masa wannan magana ce mai daɗi a wajen mai shayi, amma ba shi zai haɗa ido da yaron kullum da safe ba.

Jiya da dare uwar ta yi filashin, na kira. Ta ce ya wanke kayansa ya ɗaure takalman ƙwallonsa a jikin jaka, ya ce ranar Lahadi zai taho. Ta ce ya tambaye ta ko gidana akwai wutar da zai riƙa cajin waya. Akwai sola ƙarama, ta isa waya biyu da fitila.

Abin da nake roƙo a wajenku: duk wanda ya san makarantar horar da ƙwallo mai rajista a Kebbi ko Sakkwato ko Kano, wadda ke barin yaro ya ci gaba da karatu, kuma ya san wani yaro da ya shiga da idonsa, ba labarin an ce ba, ya yi min magana ta akwatin saƙo. Haka wanda ke da tsofaffin littattafan tambayoyin JAMB na kimiyya da ba ya amfani da su, ina Kalgo, zan aiko a karɓa. Masu turo min lambar wani dillali kuma, ku haɗo da sunan da ke kan lasisinsa.